Baikon da Ake Karɓa Ana Kuka

A watan Oktoban 2024, Fasto Enoch Adeboye, babban shugaban cocin Redeemed, ya tsaya gaban taron matasan cocinsa ya nemi gafara. Ya ce maganar da ya taɓa yi, cewa wanda ba ya biyan zakka, wato kashi ɗaya cikin goma na samunsa da Kirista ke ba coci, ba zai shiga mulkin sama ba, kuskure ce, kuma babu ita a Littafi Mai Tsarki. Na yaba masa, don ba kowane babba ne ke iya janye maganarsa a gaban 'ya'yansa ba. Sai dai maganar ta riga ta yi nisa kafin a janye ta. Ta shiga bakin ƙananan fastoci da masu wa'azin yawo, ta iso har nan Katsina, su kuwa har gobe ba su janye ba.

Ni Bahaushe ne Kirista. Iyayena mutanen ƙasar Malumfashi ne, a birnin Katsina nake zaune. Ina fitar da zakka, ina ba da baiko, wato kyautar da ake bayarwa a coci lokacin sujada, ban kuma zo in hana kowa ba. Abin da ke damuna shi ne yadda ake karɓa a wasu majami'unmu, musamman masu tsattsauran ra'ayi waɗanda maganar fasto a cikinsu daidai take da maganar Allah. Kuɗin da aka karɓa a hannun mutum bayan an firgita shi, ko an sa shi kuka, ko an kunyata shi a gaban jama'a, ƙwace ne, ko da a gaban bagade aka yi shi. Shirun da muke yi a kai, don gudun kada maƙwabtanmu Musulmi su ji, shi ke ba abin damar yaɗuwa.

Ba da wannan salo bishara ta shigo ƙasar nan ba. Turawan mishan na SIM da asibitin kutare suka shigo, a Babbar Ruga, cikin shekarun 1930. An fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, cocin ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafafunta a 1954. Kakanninmu a ƙauyukan Malumfashi da Kafur da Matazu da aikin gayya suka gina ɗakunan sujada, wannan ya kwaɓa ƙasa, wancan ya kawo azara. Idan kaka ta yi, a kawo damin dawa, a kawo kaza, a kawo kwanon gyaɗa. Ban ce zamaninsu babu aibu ba, don a lokacin ma akwai katin zakka da ake dubawa, akwai harara ga wanda nasa ya yi fari. Amma ba wanda ya gaya musu cewa damin dawan nan jari ne aka zuba wa Allah, zai biya da riba ninki ɗari kafin wata ya mutu.

Wannan koyarwa daga Amurka ta zo, kuma an san masu ita. Oral Roberts na birnin Tulsa shi ya yayata maganar "shuka iri": ka ba bawan Allah kuɗi, ka ambaci buƙatarka, ka jira girbi. A watan Janairun 1987 ya fito a talbijin ya ce idan ba a tara masa dala miliyan 8 kafin ƙarshen Maris ba, Allah zai ɗauki ransa. Aka tara masa fiye da haka. Bayan shekara biyu, a 1989, katafaren asibitin da ya gina ya rufe saboda rashin kuɗi. A wannan shekarar ce kotu ta ɗaure wani mai wa'azin talbijin, Jim Bakker, kan damfarar mabiyansa. A 2015 wani mai wa'azin, Creflo Dollar, ya nemi mutum 200,000 kowa ya ba da dala 300 a saya masa jirgin sama na dala miliyan 65. A Najeriya, marigayi Benson Idahosa na Binin, wanda ya yi karatu a Dallas, shi ne ya fi kowa buɗe wa koyarwar ƙofa, ta kuma samu wuri ne daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya darajar naira, albashi ya daina kai wata. Wa'azin arziki a cikin talauci yake kasuwa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga ya ƙara ƙarfi a wajenmu tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023.

Yanzu ga yadda ake yi. Na zauna a wani taron farkawa a cikin garin nan, ba zan faɗi cocin ba, don ba su kaɗai ke yi ba. An gayyato baƙon mai wa'azi daga kudu, yana yi da Turanci, tafinta na juyawa da Hausa. Daren farko ba a yi maganar kuɗi ba sam, waƙa ce da addu'a da shaida. A daren ƙarshe aka ja sujada har dare ya raba, mutane da yawa suna azumi tun safe. Sai ya fara lissafo ciwon kowa: matar da ta shekara goma ba haihuwa, saurayin da ya gama bautar ƙasa yana zaman gida, wanda ɗan'uwansa ke hannun 'yan bindiga a daji. A Katsina ba sai kana annabi za ka san akwai irin waɗannan a cikin taro ba. Jihar da aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a watan Disambar 2020, inda mutanen Faskari da Sabuwa da Batsari suka bar gonakinsu, duk inda ka jefa wannan magana sai ta faɗa kan wani. Mai kiɗan fiyano ya sassauta, ya koma wani sauti mai ratsa jiki. Mata suka fara share hawaye da gefen mayafi.

Nan ne ya ce Ruhu ya nuna masa mutum bakwai da za su shuka irin naira dubu ɗari. Su fito yanzu, ƙofar ba za ta daɗe a buɗe ba. Aka yi tsit. Mutum biyu suka tashi, aka yi musu tafi, ya ɗora musu hannu ya daɗe yana addu'a. Ya sauko dubu hamsin, ya sauko dubu ashirin, dubu goma, dubu biyar. Addu'ar tana gajarta yadda kuɗin ke raguwa. Wanda ya ce bai zo da kuɗi ba, ga na'urar POS a gefen bagade, ga lambar asusu an rubuta ɓaro-ɓaro. Wanda asusunsa ma babu komai, ga takardar alkawari, ya rubuta suna da lambar waya. Daga ƙarshe ya ce duk wanda ya rage a zaune ya juye abin da ke aljihunsa, kada ya bar ko kuɗin mota, don Allah ya ga bangaskiyarsa. A lokacin waɗanda ke zaune ba su fi a ƙirga ba, kowa kuma yana kallonsu.

Ba wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya. Amma a duba abin da aka haɗa: gajiya, yunwa, dare, kiɗa, taɓa miki, idon jama'a, da gaggawa. Gaggawar ce ta fi ba ni tsoro. Duk mai cewa ka biya yanzu-yanzu kada ka je gida ka yi shawara, ya san idan ka kwana ka tashi ba za ka biya ba. Masu damfara ta waya ma haka suke yi. Farawa da dubu ɗari kuwa dabara ce tsohuwa: bayan kunne ya sha jin dubu ɗari, dubu biyar sai ta zama kamar ba kuɗi ba, alhali ga mai sayar da awara ita ce jarin gobe.

Akwai wata dattijuwa da na sani a taron, gwauruwa, tana tuyar ƙosai a bakin layinsu. Ta fita a sahun dubu ashirin. Bayan 'yan kwanaki na bi ta wajen na tarar babu wuta a murhu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, lafiya yau ba a tuya?"

Ta ce, "Ɗana, kuɗin waken ne na shuka."

Na ce, "Duka?"

Ta ce, "To mi zan yi? Ya ce akwai wadda ɗanta ke ciwo. Ni ce. In na zauna yaron nan ya mutu, da wane ido zan dubi Ubangiji?"

Ba riba ta je nema ba. Tsoro aka dasa mata cewa rowarta za ta iya kashe ɗanta. Wannan koyarwa kuma an gina ta yadda ba ta taɓa faɗuwa: in yaron ya warke, iri ne ya tsiro, a zo a ba da shaida a ƙara shuka. In bai warke ba, bangaskiyarta ce ta gaza, ko irin ya yi kaɗan, ko akwai wani zunubi a ɓoye. Kowace hanya aka bi, laifin yana kanta, kuɗin yana wajensu. Ba a taɓa miƙa wa wanda ya shuka bai girba ba makirufo ya ba da tasa shaidar. Zumuntar mata ce daga baya ta haɗa mata kuɗin wake da mai, baƙon kuwa ya riga ya hau mota.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da Littafi Mai Tsarki ake wannan aiki, kuma a gaban mutanen da ke da shi a hannu da harshensu. Malakai 3:8-10 kowa ya haddace ta, don ita ake karantawa duk lokacin da za a zagaya da kwano: kuna yi wa Allah fashi, la'ana tana kanku. Sau nawa aka karanta mana Maimaitawar Shari'a 14:28-29, inda aka ce zakkar shekara ta uku a tara ta a cikin gari don Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su ci su ƙoshi? A tsarin da zakka ta fito, gwauruwa karɓa take yi. Mu mun juya abin, ita ce ke bayarwa.

Haka labarin gwauruwar da ta jefa anini biyu a Markus 12. Ana kawo shi don a ce ka ba da duk abin da kake da shi. Amma a ɗaga ido sama kaɗan, aya ta 40, kafin labarin ya fara: Yesu yana kashedi da malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da dogayen addu'o'i, ya ce hukuncinsu zai fi tsanani. Ayoyin manne suke da juna. Wanda ya karanta ta biyun ya tsallake ta farkon ya san abin da yake yi.

Manzo Bulus ma ya tara kuɗi, kuma da yawa, don matalautan Urushalima. Dubi yadda ya yi. A 1 Korantiyawa 16:2 ya ce kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, don kada a yi taron kuɗi sa'ad da ya iso. Wato baƙon mai wa'azi da kansa ya hana a yi tara a gabansa. A 2 Korantiyawa 9:7 ya ce kowa ya bayar yadda ya riga ya ƙudura a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ba, ba kuma a kan tilas ba. A sura ta 8 ya ƙi ɗaukar kuɗin shi kaɗai, sai da wanda ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada wani ya samu abin zargi. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, Bitrus cewa ya yi ya hallaka tare da kuɗinsa. Ban san yadda za a karanta wannan a kuma sa wa addu'ar haihuwa farashin dubu hamsin ba.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Coci na buƙatar kuɗi. Akwai man janareta, akwai haya, akwai rufin da iska ta yaye. Fasto mutum ne mai iyali, Littafi ma ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Na san masu bishara a ƙauyukan kudancin jihar nan da ke yin watanni ba su ga alawus ba, suna noma da hannunsu, suna kwana da fargabar 'yan bindiga, ba su gudu sun bar garken ba. Yawancin fastocin da na sani talakawa ne masu tsoron Allah. Amma wannan hujja tawa take ƙarfafawa. Kuɗin daren farkawa ba ya isa wurin waɗannan bayin Allah. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan buƙatar rufi ce, a faɗi kuɗin kwano da ƙusa da na kafinta, a ba mutane mako biyu, a dawo a karanta abin da aka samu da abin da aka kashe. Mutanenmu ba marowata ba ne. Na ga yadda ake haɗa kuɗin fansa da na asibiti a cikin kwana ɗaya ba tare da an kunna fiyano ba.

Za a kuma ce ai manya ne, da hankalinsu suka bayar. To a gwada: a yi wa'azin nan da rana tsaka, bayan kowa ya ci abinci, a ce wanda ya ga dama ya saka nasa a akwati ranar Lahadi mai zuwa, ba suna, ba tafi. In abin da aka tara ya kai na daren, na janye maganata. Masu shirya taron sun san ba zai kai ba, shi ya sa ba sa yin haka.

Har manyan masu wannan koyarwa sun fara ja da baya. Benny Hinn, mai wa'azin talbijin a Amurka, a 2019 ya ce ya daina neman mutane su shuka dala dubu, don sa wa bishara farashi ɓata wa Allah rai ne. Creflo Dollar a 2022 ya ce abin da ya koyar game da zakka ba daidai ba ne, ya ce a zubar da littattafansa da kaset-kaset ɗinsa na wannan batu. Ban ji wanda ya mayar wa kowa kuɗinsa ba. Tun 2010 ma babban taron masu bishara na duniya da aka yi a Cape Town ya fito fili ya soki wannan koyarwa. Abin takaici, lokacin da masu ita ke saki, lokacin ne tsofaffin ikilisiyoyinmu ke ɗauka, don tsoron kada matasa su gudu zuwa inda ake kiɗa da annabci. Yanzu a bikin godiyar kaka ma sai ka ji ana kiran suna da adadi, ana gwanjon kaza ɗaya a kan kuɗin tunkiya, mai ƙaramin ƙarfi yana sunkuyar da kai.

Saura maganar shiru, wadda ita ce ta fi wuya. Mu 'yan tsiraru ne a Katsina. Samun filin gina coci ba wasa ba ne, Bahaushe Kirista kuma kullum sai ya yi bayanin kansa, a wajen 'yan'uwansa Hausawa da kuma a wajen 'yan'uwansa Kiristoci na kudu. Sai a 2023 aka kafa dayosis na Katolika a Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa bishop, muka yi murna ko mu da ba Katolika ba, don ɗanmu ne. Mutanen da ke cikin irin wannan hali suna da saurin rufa wa juna asiri, kuma na fahimci dalili. Da ka buɗe baki sai dattijo ya ja ka gefe ya ce, "Malam, kada ka ba maƙiya abin faɗa." In ka matsa, a jawo maka ayar kada ku taɓa shafaffuna, wato zaɓaɓɓun bayin Allah. Amma asirin wa ake rufawa? Ita mai ƙosan nata asirin ya riga ya tonu ranar da murhunta ya mutu, duk layin sun gani, Musulmi da Kirista. Wanda ake karewa shi ne wanda ya tafi da kuɗin. Ga maƙwabtana Musulmi da za su karanta wannan su yi murmushi, ku ma kun san malamin da ke cewa a kawo baƙin rago kafin Juma'a ko aiki ya lalace, kun san taron gidauniyar da ake kiran suna a lasifika. Wannan magana ce ta cikin gidanku, ku za ku yi ta.

Wasu na ganin hukuma ce za ta gyara. Ban sa rai sosai ba. A watan Janairun 2017 hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa ta matsa a bi wata ƙa'ida da ta shafi shugabannin ƙungiyoyin addini, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar aka sallami shugaban hukumar, Jim Obazee. A watan Agustan 2020 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, wadda sashenta na 839 ya ba hukumar rajistar kamfanoni ikon dakatar da amintattun ƙungiya idan an samu almundahana, ƙungiyar Kiristoci ta ƙasa, CAN, ta yi tsalle ta dire ta ce ba ta yarda ba. Ni ma ba na son jami'in gwamnati ya zaɓa mini wanda zai riƙe cocina, a ƙasar da amana ta yi ƙaranci irin tamu. Sai dai wanda ya ce kada hukuma ta duba littafin kuɗinsa, wajibi ne ya buɗe shi ga waɗanda suka zuba kuɗin. A Amurka ma Sanata Chuck Grassley ya binciki manyan masu wa'azin talbijin shida daga 2007 zuwa 2011, aka tashi ba a hukunta kowa ba. Doka tana iya kama wanda ya saci kuɗin asusu, amma ba ta da hanyar shiga tsakanin mai wa'azi da uwar da ya tsorata.

Wanda zai iya shiga shi ne dattijon ikilisiya, don shi ke sa hannu a takardar gayyatar baƙo. Yana iya gaya masa tun a waya cewa a nan ba a kiran adadi daga kan bagade, ba a haɗa addu'ar mara lafiya da ambulan ɗin kuɗi, kuma abin sallamarsa an riga an yanke, ba kaso ba ne daga abin da ya tara. Wannan na ƙarshen a kula da shi, don idan rabon baƙo ya dogara da yawan abin da aka samu a daren, an riga an ba shi dalilin matsa wa mutane. Takardar alkawarin da aka cika cikin kuka a ba mai ita dama ya janye ba tare da an bi shi da kiran waya ana tuna masa da Hananiya da Safiratu, waɗanda suka faɗi matattu don sun yi ƙarya kan baikonsu, ba. Ma'aji kuma ya tsaya gaban jama'a duk wata uku ya karanta shiga da fita, har da abin da aka ba gwauraye da marayu, a ga ko ya kai kuɗin da aka kashe wa baƙi a masauki. A taron ikilisiyarmu na ƙarshen shekara zan ɗaga hannu in nemi a rubuta waɗannan cikin ƙa'idar gayyatar baƙi, na kuma riga na sanar da sakatare don ya sa a jerin abubuwan tattaunawa.